Hayar Keke da Zagayen Baƙi: Abin da Birnin Kudu da Gwaram Suka Tanada

Hayar keke sana'a ce ta bai wa mutum keke ya hau na wani ƙayyadadden lokaci, ya biya kuɗin da aka yanka, sannan ya mayar wa mai shi. A ƙasar Hausa sana'ar ta daɗe, kuma yara da samari ne manyan abokan cinikinta. A wasu biranen duniya kuwa an faɗaɗa ta har ta zama reshe na harkar yawon buɗe ido, inda ake haɗa baƙo da keke da ɗan jagora wanda zai zagaya da shi gari yana yi masa bayani. Kudancin Jihar Jigawa, musamman Birnin Kudu da Gwaram, yanki ne da ya haɗa abubuwa biyun da irin wannan harka take buƙata: al'adar hawan keke da wuraren tarihi da suka cancanci a je a gani.

Shigowar keke ƙasar Hausa

Keke mai ƙafa biyu daidai wa daida da sarƙa, irin wanda muka sani a yau, ya samo asali ne daga ƙirar da John Kemp Starley ya fitar a Ingila a 1885. A 1888 John Boyd Dunlop ya ƙara masa taya mai iska. Ya iso Arewa a zamanin mulkin Turawa, aka kira shi basukur ko dokin ƙarfe, kafin sunan keke ya rinjaya.

Da farko abin hawan ma'aikatan En'e ne da malaman makaranta da duba-gari da 'yan kasuwa masu hali. Daga baya kuɗin gyaɗa da auduga suka kai shi ƙauyuka, har ya zama manomi in ya yi kaka mai kyau, keke na cikin abin da yake fara saye. Raleigh na birnin Nottingham shi ne ya fi suna, kuma kamfanin ya taɓa samun masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. A wancan zamani keke yana da lasin da ake biya wa En'e, aikin da daga baya ya koma hannun ƙananan hukumomi.

Yaɗuwar babur da sana'ar acaɓa ta rage wa keke daraja a birane, amma bai bar karkara ba. Cire tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya sa litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya sa ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa da dama sun sake waiwayar keke.

Yadda hayar gargajiya take gudana

Mai hayar keke yakan kafa a gindin bishiya ko a rumfa a bakin hanya, ya jera kekunansa manya da ƙanana, da agogo a kusa da shi. Ana yanka kuɗi bisa mintuna ko sa'a ko wuni. Sau da yawa shi ne kuma mai gyara: yana faci, yana ɗaure birki, yana gyara sarƙa. Kasuwarsa ta fi ci a lokacin hutun makaranta da ranakun Sallah. Mutane da yawa da suka manyanta a yau a kan keken haya suka koyi tuƙi.

Jarin wannan sana'a na gaskiya shi ne sanayya. Mai haya ya san yaron, ya san gidansu, don haka ba ya neman takarda. Baƙo kuwa sai ya kawo wanda zai tsaya masa, ko ya ajiye jingina. A nan ne hayar gargajiya ta bambanta da wadda ake shirya wa baƙi, domin ita tana buƙatar rajista da katin shaida da rasit da farashi a rubuce.

A fiƙihu wannan ciniki yana ƙarƙashin babin ijara. Sharaɗinsa a san kuɗin haya, a san tsawon lokaci ko nisan tafiya tun kafin a hau. Keken amana ne a hannun wanda ya ɗauka, ba a ɗora masa biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce abin da aka yi alkawari. Fayyace wannan tun farko yana kashe mafi yawan rigimar da akan yi a rumfar haya.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Akwai tsari iri biyu. Na farko shi ne kekunan da ake ajiyewa a tashoshi cikin birni, mutum ya ɗauka a nan ya ajiye a can. An fara gwada shi a Amsterdam a 1965, ya bunƙasa bayan da Paris ta ƙaddamar da Vélib' a 2007. A Afirka, birnin Marrakesh na Maroko ya buɗe Medina Bike a 2016, lokacin da ya karɓi taron duniya kan sauyin yanayi. Wannan tsari yana buƙatar jari mai yawa da birni mai cunkoso.

Na biyu shi ne zagaye da ɗan jagora. A Soweto ta Afirka ta Kudu, matasan unguwa suna ɗaukar baƙi a kan kekuna su kai su titin Vilakazi, inda gidajen Nelson Mandela da Desmond Tutu suke, da wurin tunawa da boren ɗalibai na 1976. Abin da ake buƙata bai wuce kekuna masu lafiya da hular kwano da mutumin da ya san tarihin garinsa ba. Wannan tsari shi ya fi dacewa da garuruwa irin Birnin Kudu, domin sai da ɗan gari akan ci gari.

Duwatsun Birnin Kudu

Birnin Kudu tsohon gari ne mai sarautar Sarkin Kudu. Yana cikin Jihar Kano har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kuma a yau yana ƙarƙashin Masarautar Dutse. Daga Kano ana zuwa ta Wudil, tafiyar fiye da kilomita 100.

Abin da ya fitar da sunan garin a duniyar masana shi ne zanen da ke jikin duwatsunsa, musamman Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Zanen, wanda galibinsa da jan launi aka yi, yana nuna dabbobi, akasari shanu. Abin lura shi ne shanun da aka zana ba su da tozo, saɓanin waɗanda Fulani suke kiwo a yankin a yau. Wannan yana nuna cewa masu zanen sun rayu ne a zamanin da wani jinsin shanu daban yake kiwo a wannan ƙasa.

A gefen zanen akwai duwatsun kiɗa, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sukan ba da amo kamar na ƙarfe, kuma gurabun da yawan duka ya bari suna nan a jikinsu. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi ɗan Ingila wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950, ya wallafa bayaninsu a mujallar Man a 1956. Wuraren suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979, kuma tana da cibiya a garin da ke yi wa masu ziyara bayani.

Duwatsun suna warwatse ne a cikin gari da kewayensa, nisan da ya yi wa ƙafa yawa a rana ɗaya, kuma wasu hanyoyin ba su karɓar mota. Keke ya dace da wannan tazara. Mai zagaye zai iya haɗawa da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta yaye fitattun mutane irin su Aliko Dangote. Garin kuma yana da baƙi a kullum, saboda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke cikinsa da matafiyan da ke ratsa shi.

Gwaram

Gwaram tana gabas da Birnin Kudu, tana iyaka da Jihar Bauchi. Abin kallonta karkara ce: gonakin gero da dawa da gyaɗa da riɗi, da fadamu, da garuruwa irin su Basirka da Fagam da Farin Dutse da Kila, da babbar kasuwar Sara. A nan keke har yanzu abin aiki ne, ana ɗora masa buhu da itace da jarkar ruwa. Tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu ta yi wa wanda bai saba ba yawa, don haka ya fi kyau a je a mota, a nemi keke a can.

Lokaci da shiri

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanyoyi suka bushe, zafi ya ragu, ko da yake hunturu yakan zo da ƙura. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, sai dai a fita da sassafe ko bayan la'asar. Da damina wasu hanyoyin burji da na fadama sukan yanke.

Kafin a hau, a duba birki da iskar taya da sarƙa da tsayin sirdi. A riƙe ruwan sha da famfo da kayan faci, domin ƙaya tana da yawa a hanyoyin gona. A guji babban titi gwargwadon iko saboda manyan motoci, kuma kada a yi tafiyar dare ba fitila. Ladabin baƙunta shi ne a gaisa da mai unguwa ko dagaci, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutane ko gidajensu.

Riba da haɗari

Ribar wannan harka a fili take. Jarin kekuna goma bai kai na mota ɗaya ba, kuma kuɗin baƙo yakan tsaya a gari, a hannun mai haya da mai faci da ɗan jagora da mai abinci. Ɗaliban makarantu da ma'aikatan da ke neman inda za su kai iyali a ƙarshen mako su ne kasuwar farko, tun kafin a yi maganar baƙi daga ƙetare. Ranar Keke ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2018 ake kuma yin ta kowace 3 ga Yuni, dama ce ta shirya irin wannan zagaye.

Haɗarin kuwa yana kan zanen kansa. Taɓawa da hannu, da zuba ruwa don launi ya fito a hoto, da rubuta suna a jikin dutse, da hayaƙin wuta, da fasa dutse don gini, duk suna lalata abin da ba a iya maye gurbinsa. Saboda haka duk wanda zai kai baƙi ya kamata ya bi ta hannun ma'aikatan hukumar kayan tarihi, ya taƙaita yawan mutanen da ke shiga a lokaci guda, a ajiye kekuna nesa da kogon, a ƙarasa da ƙafa.