Elia Kazan: Ɗan Mai Darduma Da Ya Mayar Da Tarihin Gidansu Fim

Jama'a, mu da fatauci ya zaunar da mu nesa da garuruwan kakanninmu, akwai abin lura a tarihin wannan mutum.

An haifi Elia Kazan a birnin Santambul a 1909. Iyayensa Girkawa ne, asalinsu daga yankin Kayseri, a zamanin Daular Usmaniyya. Baffansa ne ya fara tsallakawa Amurka, ya kafa cinikin darduma, sannan ya janyo 'yan'uwansa. A 1913 aka sauka da Elia a New York yana ƙaramin yaro.

Uban, George, shi ma darduma yake sayarwa, burinsa kuwa yaro ya gaji shago. Uwar, Athena, ita ce ta tsaya masa har ya shiga kwalejin Williams, ya gama a 1930, ya wuce Yale koyon wasan kwaikwayo. To, shago dai bai samu magaji ba, amma yaro ya ci lambar Oscar ta gwanin darakta har sau biyu, da "Gentleman's Agreement" na 1947 da "On the Waterfront" na 1954.

Sai da ya haura hamsin ya waiwayi hirar da ya taso yana ji a gida. A 1963 ya fito da "America America", labarin tafiyar baffan nasa. Saurayi ne aka ɗora wa dukiyar gida a kan jaki, aka tura shi Santambul. Aka damfare shi a hanya, ya koma ɗan dako, daga ƙarshe ya shiga Amurka a matsayin shushaina, yana tara kuɗin ɗauko sauran dangi.

Ba a rasa tabo a tarihinsa ba. A 1952 ya ambaci sunayen tsofaffin abokansa 'yan kwaminis a gaban kwamitin majalisar Amurka, abin da ya sa wasu suka ƙi tafa masa a 1999 da aka karrama shi. Ya rasu a 2003.

To, mu fa? Dattawan da suka san yadda aka zo nan suna ta ƙarewa, yara kuwa ba duka ne za su gaji rumfa ba. Wanda bai gaji ciniki ba, ai yana iya gadon labari, in dai mun zauna mun ba shi tun muna da rai.