John Blackwall da gizo-gizon da ke hawa iska

Masu yaɗa cewa sai a 2018 masanan Jami'ar Bristol suka gano gizo-gizo na tafiya a sararin sama, su ɗan dakata. Tun a 1827 John Blackwall ya wallafa bincikensa a kan wannan al'amari.

An haife shi a Manchester a 1790, ya taso cikin cinikin yadi tare da mahaifinsa. Da tsuntsaye ya fara, kafin gizo-gizo ya ɗauke masa hankali baki ɗaya.

A zamaninsa mutane da yawa sun ɗauka gizo-gizo harba zarensa yake yi da ƙarfin jikinsa. Blackwall bai tsaya musu da baki ba. Ya samo reshe, ya kafa shi a tsakiyar kwano mai ruwa, ya ɗora ƙananan gizo-gizo a kai, ga ruwa ta ko'ina, babu hanyar sauka. Muddin ɗaki shiru, haka za su yi ta hawa da sauka. Da ya ɗan hura musu iska, sai su juya, su ɗaga bayansu sama, su saki zare, iskar ta ja shi har ya maƙale a wani abu, su bi ta kai su tsere. Sai ya kife su da murfin gilashi, inda ko numfashi ba ya shiga. Kwanaki suka yi a kan reshen, ko ɗaya bai fita ba. Reshe, ruwa, gilashi da haƙuri, su ke nan kayan aikinsa, kuma duk mai so zai iya maimaita gwajin a gida. Wannan ne ya sa gwajin ya burge ƙwarai.

Wani masani, John Murray, ya ja da shi, yana cewa lantarkin da ke cikin iska ne ke ɗaga zaren, suka yi ta mayar wa juna martani a mujallu. Abin da Erica Morley da Daniel Robert suka nuna a Bristol shi ne gizo-gizo na jin lantarkin, har yana tashi da shi. Ashe Murray ma yana da nasa rabon gaskiya. Darwin kuwa a 1832 ya ga ɗimbin gizo-gizo sun sauko a jirgin Beagle, mil 60 daga gaɓar Ajantina.

A 1833 Blackwall ya koma Llanrwst a Wales. Babban littafinsa kan gizo-gizon Birtaniya da Ireland ya fito a 1861 da 1864, da bayanin nau'i sama da 300. Ya rasu a 1881, Octavius Pickard-Cambridge ya ci gaba da aikin daga Dorset.