Farke Manhaja: Daga Stuxnet Zuwa Kwamfutar Mai Koyo a Gumel

A watan Yuni na 2010, wani ƙaramin kamfanin tsaron kwamfuta mai suna VirusBlokAda da ke Minsk, babban birnin Belarus, ya karɓi koke daga Iran cewa wasu kwamfutoci na mutuwa suna tashi da kansu. Sergey Ulasen da abokan aikinsa suka gano muguwar manhajar da daga baya aka laƙaba wa suna Stuxnet. Gano ta bai ɗauki lokaci ba. Sanin abin da aka aiko ta yi ne ya cinye watanni.

Manhaja ba ta isa hannun jama'a da rubutun da maƙirƙirinta ya yi, domin an riga an juya shi zuwa umarnin da na'ura kaɗai ke ganewa. Mai son sanin cikinta sai ya yi irin aikin telan da ke farke babbar riga don ya ga yadda aka yanka ta aka haɗa. Haka ake gano ɓarakar da masu kutse ke bi, haka kuma ake gane makamin da suka bi da shi.

A kamfanin Symantec, Liam O'Murchu da Eric Chien da Nicolas Falliere suka duƙufa. An tarar Stuxnet na amfani da ɓaraka huɗu a Windows waɗanda ba a toshe ba, kuma tana ɗauke da hatimin shaida da aka sace daga kamfanonin Realtek da JMicron na Taiwan. Abin ɗaure kai shi ne, a yawancin kwamfutocin da ta shiga ba ta ɓata komai. A watan Satumba, Ralph Langner na birnin Hambug a Jamus ya nuna cewa na'urorin Siemens masu sarrafa injinan masana'antu take farauta. A Nuwamba aka samu sauran bayanin: tana neman injinan da ke aiki tsakanin hatz 807 da 1,210, ta ɗaga su zuwa 1,410, wani lokaci ta sauke su zuwa 2. Waɗannan alƙaluma sun dace da injinan tace yuraniyam na Natanz. A 2012 jaridar New York Times ta danganta aikin ga Amurka da Isra'ila. Tun kafin nan, masu karanta umarnin na'ura layi bayan layi sun riga sun tona manufar makamin.

A wancan zamani babban kayan aikin wannan sana'a shi ne IDA, wanda Ilfak Guilfanov ya fara rubutawa a farkon shekarun 1990, kuma cikakken lasisinsa na cin dubban daloli. A watan Maris na 2019 hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta saki nata, Ghidra, kyauta. Hukumar da ta shahara da ɓoyo ce ta karya farashin, abin da ba a yi tsammani ba.

Wannan ya shafi arewacin Jigawa kai tsaye. Ɗalibin da ya fito daga makarantar fasahar sadarwa ta Kazaure, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki, ko mai gyaran waya a Gumel ko Maigatari da ya yi koyo a Farm Centre ta Kano, yanzu kuɗin data ne kawai tsakaninsa da Ghidra. Shingen da ya rage na shari'a ne. Dokar laifukan intanet da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba tare da izini ba, saboda haka kyakkyawar niyya ba garkuwa ce abin dogaro ba. Mai koyo zai iya farke manhajar da ya rubuta da kansa, ko ta gasar horo da aka tsara don haka, ko ya bi kamfanoni irin su Google da Microsoft, waɗanda suka rubuta ƙa'idojin bincike a fili kuma suke biyan lada ga wanda ya kai musu rahoton ɓaraka.