Yadda ake kare furen portulaka daga ruɓewa da ƙwari

Portulaka ɗan tsiro ne da ke shimfiɗa bisa ƙasa kamar tabarma. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, wajen Brazil da Ajantina. Ɗan'uwan harshen saniya ne, ciyawar nan da ke fitowa cikin garka. Tsawonsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba. Furensa, ja ko fari ko rawaya, yana buɗewa da hantsi, ya rufe da yamma. Ana dasa shi a tsakar gida da ƙofar ma'aikatu, masu saida furanni kuma suna samun kuɗi da shi.

Ku sani, abin da ya fi kashe shi ba ƙwaro ba ne, yawan ruwa ne. Ganyensa mai kauri ne, yana ajiye ruwa, don haka rana ba ta damunsa. Amma idan ƙasa ta daɗe a jiƙe, musamman a tsakiyar damana, ƙwayoyin cutar da ke cikinta sai su kama saiwa. Gindin ya yi laushi, ya yi baƙi, ganye ya yi yaushi. A nan ne mutane da yawa ke kuskure: sun ga yaushi, sai su ƙara ruwa, su ƙarasa shi. Kafin ku yi ban ruwa, ku soka yatsa cikin ƙasa. In akwai danshi, ku dakata.

Wanda ya riga ya ruɓe ba ya da magani. Ku tumɓuke shi har da ƙasar gindinsa, ku zubar nesa, kada ku sa shi cikin ramin taki. Ku yanki rassa masu lafiya, ku dasa su a sabon wuri mai rairayi da ɗan tudu. In cikin tukunya ko leda ne, ku huda ƙasanta.

Cikin ƙwari, darɓa ce kan gaba. Tana taruwa a kan sabon toho tana tsotsar ruwansa, ta bar wani abu mai danƙo. Idan kun ga tururuwa suna hawa da sauka, ku duba da kyau. Akwai kuma wani farin ƙwaro mai kama da ɗigon auduga, yana ɓuya tsakanin ganye da reshe.

Maganinsu yana kusa da ku: ƴaƴan dogon yaro. Ku daka giram 500 na busassun ƴaƴa, ku jiƙa cikin lita 10 na ruwa, ya kwana. Ku tace da ƙyalle, ku narka ɗan sabuni kaɗan a ciki. Ku fesa da marece, lokacin da furen ya rufe kuma zuma ta tafi. Ku maimaita bayan mako ɗaya, domin ba nan take yake kashewa ba.

Idan tsiron ya ƙi girma, kuka tone kuka tarar da ƙulle-ƙulle a saiwa, aikin wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa ne, irin waɗanda ke kama tumatir da kuɓewa. Kada ku ɗebo ƙasar tsohuwar garka ku zuba masa.

Maganin feshi na kasuwa wanda ba ya da takarda kuwa, ku nisance shi. Wannan fure a ƙasa yake, inda yara ke rarrafe, kaji ke kiwo. In ɓarnar ta fi ƙarfinku, ku kai wa malamin gona reshe ɗaya ya gani.