Tarihin Ma'aunin Rashin Aikin Yi: Daga Masacusets Zuwa Janeba

1.0 Gabatarwa

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa yawan marasa aikin yi a Nijeriya a watanni uku na farkon shekarar kashi 4.1 ne cikin ɗari. Alƙaluman da hukumar ta fitar kafin wannan lokaci, waɗanda suka shafi ƙarshen shekarar 2020, kashi 33.3 suka nuna, wato fiye da mutum miliyan 23. Babu wata bunƙasar masana'antu da ta auku a tsakanin shekarun nan da za ta iya haɗiye wannan ɗimbin jama'a. Mudun awon ne aka sauya. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka ƙera wannan mudu tun daga asalinsa, domin a nuna cewa ma'anar da masana ƙididdiga ke bai wa "marar aikin yi" shawara ce da wasu mutane suka yanke a wani wuri, a wani zamani, don biyan wata buƙata, kuma tabon wannan buƙata yana jikin alƙaluman har yau.

2.0 Kafin a Sami Ma'auni

Zaman banza daɗaɗɗen abu ne a kowace al'umma, kuma Bahaushe yana da sunaye da dama da yake kiran sa da su, kamar zaman kashe wando. Sai dai waɗannan sunaye zargi ne ga mai zaman. Tunanin cewa lafiyayyen mutum mai son aiki yana iya rasa shi ba tare da laifinsa ba, har hukuma ta ga wajibi ne ta ƙirga irinsa, bai kankama ba sai da aikin albashi a masana'antu ya zama hanyar cin abincin ɗimbin jama'a a Ingila da Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19. A Ingila alƙaluman farko daga ƙungiyoyin ƙwadago suka fito, domin su ne ke biyan 'ya'yansu ɗan tallafi idan aiki ya yanke, don haka suna da lissafinsu a rubuce. Littafin da William Beveridge ya wallafa a 1909, wanda ya ɗauki rashin aiki a matsayin matsalar masana'antu, da dokar buɗe ofisoshin neman aiki ta wannan shekara, da dokar inshora ta 1911, su suka sa ƙidayar ta koma hannun gwamnati. Amma wanda ya je ofis ya rubuta sunansa kaɗai ake ƙirgawa.

A Amurka kuwa, labarin ya faro ne daga jihar Masacusets. Bayan karayar tattalin arziki ta 1873, an yi ta yayata cewa dubban ɗaruruwan mutane ne suka rasa aiki a jihar. Shugaban ofishin ƙididdigar ƙwadago na jihar, Carroll Wright, bai gamsu da haka ba, saboda haka a 1878 ya sa 'yan sanda da jami'an haraji na garuruwa su ƙirga masa marasa aiki. Sharaɗin da ya gindaya musu shi ne abin lura: a ƙirga maza majiya ƙarfi waɗanda suka haura shekara 18, kuma waɗanda da gaske suke son aiki. Adadin da ya samu bai kai dubu talatin ba. Ko shakka babu, barin ɗan sanda ya tantance wanda yake son aiki da gaske ba hanya ce ta ilimi ba, kuma Wright ya san sakamakon da yake fata tun kafin a fara. Duk da haka tambayar da ya ɗora, wato yadda za a bambanta wanda ya rasa aiki da wanda ba ya so, ita ce ta ci gaba da addabar duk wanda ya zo bayansa. Shi ne kuma ya zama kwamishinan ƙwadago na farko na tarayyar Amurka a 1885.

3.0 Shekaru Goma da Suka Haifi Ma'aunin Yau

Har zuwa 1930 ƙidayar jama'ar Amurka sana'ar mutum take tambaya, ba abin da ya yi a makon jiya ba. Kafinta kafinta ne ko da ya shekara bai riƙe zarto ba, saurayin da ya gama makaranta bai taɓa samun aiki ba kuwa ba ya cikin lissafin ma'aikata sam. Da gagarumar karayar tattalin arziki ta afka wa ƙasar a 1929, sai gwamnati ta wayi gari ba ta san yawan mutanen da bala'in ya shafa ba. Ƙidayar watan Afrilun 1930 ta ba da kimanin mutum miliyan 2.4 da ba su da aiki kuma suke nema, adadin da masu suka suka ce ya yi kaɗan ainun. Shahararren adadin nan na kashi 25 cikin ɗari da ake danganta wa shekarar 1933 ba a lokacin aka auna shi ba. Masana ne, musamman Stanley Lebergott, suka ƙiyasta shi daga baya.

A watan Nuwamban 1937 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta gwada wata dabara. Aka raba katunan gidan waya gida-gida, aka nemi duk marar aiki ya cike ya mayar. Kimanin mutum miliyan 7.8 suka amsa. Masana ƙididdiga da ke cikin aikin sun san cewa ba kowa ne zai yarda ya rubuta da hannunsa cewa ba shi da abin yi ba, saboda haka suka zaɓi kashi 2 cikin ɗari na hanyoyin da masu raba wasiƙu ke bi, aka shiga kowane gida a kan waɗannan hanyoyi aka yi tambaya baki da baki. Wannan ɗan samfuri ya nuna cewa adadin gaskiya ya kusa miliyan 11. Abu biyu suka fito daga wannan gwaji. Na farko, ƙaramin samfuri da aka zaɓa bisa ƙa'ida ya fi babbar ƙidayar ganin dama sahihanci. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga wannan maƙala, shi ne sauya salon tambaya: aka daina tambayar mutum ko shi wane ne, aka koma tambayar abin da ya aikata a wani ƙayyadadden mako. Ya yi aiki? In bai yi ba, ya nema? Da wannan aka kauce wa leƙa zuciyar mutum irin na Wright, aka sa neman aiki ya zama shaidar son sa.

A kan wannan tubali ne hukumar ayyukan agaji ta gwamnatin Roosevelt ta fara binciken gidaje na wata-wata a watan Maris na 1940. Ofishin ƙidayar jama'a ya karɓi aikin a 1942, kuma binciken yana gudana har yau a kan gidaje kimanin dubu sittin. A 1967, bisa shawarar wani kwamiti da Shugaba Kennedy ya kafa, aka ƙayyade cewa dole neman aikin ya kasance cikin makonni huɗu da suka wuce, aka kuma ɗaga mafi ƙarancin shekaru daga 14 zuwa 16.

Wata taƙaddama ta wancan zamani ta cancanci ambato. Miliyoyin mutanen da gwamnati ta ɗauka aikin agaji, suna gina hanyoyi da gadoji ana biyan su, a cikin marasa aiki aka lissafa su. A 1976 Michael Darby ya nuna cewa da an ɗauke su a matsayin ma'aikata, da adadin 1936 ya sauko daga kimanin kashi 17 zuwa kimanin kashi 10. Mutanen dai su ne, shekarar ma ita ce, amma hukuncin da tarihi zai yanke wa manufofin Roosevelt ya rataya ga layin da aka sa su.

4.0 Yadda Ake Lissafin

Ana kasa waɗanda suka kai shekarun aiki gida uku: masu aiki, da marasa aiki, da waɗanda ke wajen fagen ƙwadago baki ɗaya, kamar ɗalibai da tsofaffi da matan da hidimar gida ta tsare. Gida biyu na farko su ne rundunar ƙwadago, kuma da jimlarsu ake raba adadin marasa aiki, ba da jimlar jama'a ba. A ƙaddara wani gari mai manya ɗari, sittin suna aiki, goma suna nema, talatin suna waje. Adadin marasa aiki goma ne cikin saba'in, wato kashi 14.3. Idan biyar daga cikin goman nan suka gaji da yawon ofis-ofis suka fid da rai, sai su fice daga lissafi, adadin ya koma biyar cikin sittin da biyar, wato kashi 7.7. Ba wanda ya sami aiki a garin, amma a takarda an sami sauƙi. Wannan ne ya sa tun 1976 ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka yake fitar da jerin ma'aunai, daga mai tsauri zuwa mai faɗi wanda ya haɗa da waɗanda suka fid da rai da masu guntun aiki ba da son ransu ba. 'Yan jarida da 'yan siyasa dai guda ɗaya suka riƙe.

Ingila ta daɗe a kan tsohuwar hanyarta ta rajista, kuma ta ga illarta. A 1982, shekarar da marasa aiki suka haura miliyan uku, aka koma ƙirga masu karɓar tallafi kaɗai, kuma masu suka sun lissafa sauye-sauye kimanin talatin da aka yi wa dokokin ƙidayar a zamanin mulkin masu ra'ayin riƙau, kusan dukkansu masu rage adadi. Jama'a suka daina amincewa da alƙaluman, har a 1998 aka fara ba binciken gidaje fifiko.

5.0 Janeba da Ƙa'idar Sa'a Guda

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919 mai mazauni a Janeba, ita ce ta mayar da dabarar Amurka ta zama ta kowa, ta hanyar babban taron masana ƙididdigar ƙwadago da take shiryawa tun 1923. Taron 1947 da na 1954 sun karɓi tsarin rundunar ƙwadago, sannan taro na 13 a 1982 ya tsayar da sharuɗɗa uku da aka fi sani: marar aiki shi ne wanda bai yi aiki ba, yake shirye ya kama aiki, kuma ya ɗauki wani mataki na nema. Wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na sa'a guda ne a cikin makon, mai aiki ne.

Wannan sa'a guda ta sha ba'a, kuma ba'ar tana da dalili, amma ƙa'idar ma tana da nata. Masu lissafin arzikin ƙasa suna ƙirga duk abin da aka samar, don haka suna buƙatar a ƙirga duk hannun da ya taɓa aikin, komai ƙanƙantarsa. Ban da haka, kowane adadi aka zaɓa, ashirin ne ko arba'in, wani zai tambayi dalilin tsayawa a kansa. Sai dai ba nan gizo ke saƙa ba. Ma'aunin an yanka shi ne daidai jikin ƙasar da ke da aikin albashi, da ofishin neman aiki, da tallafin da zai riƙe mutum har ya samu. Inda babu tallafi, talaka ba shi da halin zama marar aiki a wannan ma'ana; zai yi dako, ko talla, ko ga-ruwa, ko acaɓa, kuma da haka ya shiga layin masu aiki. Shi ya sa ƙiyasin ƙungiyar ya sha nuna Jamhuriyar Nijar da ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, ƙasa ƙwarai da ƙasashen Turai masu arziki. Masana sun hango wannan gurbi tun farkon shekarun 1970, lokacin da Keith Hart ya yi nazarin hanyoyin cin abincin baƙi 'yan ci-rani a Akra, kuma tawagar ƙungiyar da ta je Kenya ta yi amfani da irin wannan tunani a rahotonta na 1972 game da sana'o'in da ba su cikin rajistar hukuma.

Taro na 19 a 2013 ya yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. Ya taƙaita ma'anar aiki ga wanda ake yi don albashi ko riba, ya ware noman ci da kai a matsayin wani nau'i dabam, ya kuma buƙaci ƙasashe su riƙa fitar da ma'aunai na ƙarancin aiki da na waɗanda ke son aiki amma ba su nema. Afirka ta Kudu ta riga ta saba fitar da adadi biyu, mai tsauri da mai faɗi.

6.0 Mudun Nijeriya

Nijeriya ta daɗe tana awo da mudunta. Kafin 2015, wanda bai cika sa'o'i 40 yana aiki a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, ko da kuwa ya yi 39. Daga 2015 aka sauko da iyakar zuwa sa'o'i 20, aka kira waɗanda ke tsakanin 20 da 39 masu ƙarancin aiki. Da wannan mudu aka auno kashi 33.3 na 2020, adadin da ba a iya kwatanta shi da na kowace ƙasa, domin ya haɗa wanda ba shi da komai da wanda ke aikin sa'o'i goma sha tara. A 2023 hukumar ta rungumi ƙa'idar sa'a guda, ta kuma cire iyakar shekara 64 da take sa wa ma'aikata a da.

Ta fuskar kwatanci da sauran ƙasashe, sauyin yana bisa hanya. Kuskuren da aka yi ta tafkawa a muhawarar da ta biyo baya shi ne jera 33.3 da 4.1 kamar amsoshin tambaya ɗaya ne, alhali na farko yana auna ƙarancin sa'o'in aiki, na biyu kuwa yana auna rashin aiki ɗungurungum tare da nema. Ga mai son sanin halin da ma'aikacin Nijeriya yake ciki, wasu alƙaluma biyu da ke cikin rahoton na Agustan 2023, waɗanda jaridu ba su cika ɗauka ba, sun fi amfani: masu ƙarancin aiki da ke son ƙari sun kai kashi 12.2, sannan fiye da kashi 92 na dukkan masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista, ba takardar ɗauka aiki, ba fansho.