Ƙofar da Ta Ci Mutum 60

Jama'a, jirgin yaƙi mai nutso a teku ba ya hangen nesa. Shi ya sa a shekarun 1920 sojojin ruwan Ingila suka cire babbar bindigar jirginsu M2, suka gina ɗaki a gurbinta, suka ajiye ɗan ƙaramin jirgin sama mai naɗe fukafukai, Parnall Peto. In an taso saman ruwa, sai a buɗe ƙofa a harba shi ya leƙo abokan gaba.

Ran 26 ga Janairu 1932, M2 ya nutse a gaɓar kudancin Ingila da mutum 60, ba wanda ya tsira. An tarar da ƙofar ɗakin a buɗe. Ana zaton garin sauri aka buɗe ta tun jirgin bai gama tasowa ba. Sauri ya haifi nawa. Daga nan Ingila ta haƙura.