Ɗan Wa Ne Bayan Saki? Tarihin Dokar Riƙon Yara a Jihohin Arewa

A ƙasar Hausa, in aure ya mutu, abin da aka saba gani shi ne uwa ta shayar, da an yi yaye uba ya aiko a karɓi ɗansa. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka wannan shari'a ce, alhali kuwa al'ada ce zalla. A mazhabar Malikiyya, wadda alkalanmu suke hukunci da ita tun kafin zuwan Turawa, uwa ce ke da hakkin reno, watau halana: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Uba yana can baya a layi, sai dai ciyarwa da tufatarwa suna wuyansa.

Turawa ba su taɓa wannan hukunci ba. A 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e ta miƙa wa sababbin jihohi, aka soke kotunan sarakuna, amma littafin da alkali ke dubawa bai sake ba. Dokar aure ta tarayya ta 1970 ta sa maslahar yaro gaba da komai, sai dai iyakarta auren rajista.

Babban canji ya zo a 2003, da Dokar Hakkin Yara ta zamanin Obasanjo. Ta tanadi kotun iyali, ta kuma ba uwa da uba damar neman riƙo. To, amma sha'anin yara na jihohi ne, don haka dokar ba ta wuce Abuja ba sai inda majalisar jiha ta amince. Nan aka daɗe ana ja-in-ja a Arewa, kuma ba kan riƙo ba, kan shekara 18 da aka yanke wa aure. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano sai 2023.

Abin mamaki, matan da ke zuwa gaban alkali neman 'ya'yansu ba su jira waɗannan dokoki ba. Hujjarsu tana cikin Risala da Muhtasar. Abin da ke hana sauran zuwa shi ne rashin sani, da kunyar kai uban 'ya'ya ƙara, da tsoron ya janye ciyarwa.